Dare Ɗaya a Hawa na Tara: Nazarin Yadda Cutar SARS Ta Bazu a 2003

Ranar Juma'a, 21 ga Fabrairu 2003, wani likita mai shekara 64 ya sauka a otal ɗin Metropole da ke yankin Kowloon a Hong Kong. Daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya taso tare da maiɗakinsa, sun zo bikin wani ɗan'uwa. Aka ba su ɗaki mai lamba 911 a hawa na tara. Kwana ɗaya tak ya yi a ciki. Washegari numfashi ya fara gagarar sa, ya tafi asibitin Kwong Wah da ke kusa, aka ba shi gado. Bai sake fitowa ba, rai ya yi halinsa ranar 4 ga Maris.

A wannan ɗan zama da ya yi, aƙalla mutum 12 daga cikin baƙin otal ɗin da masu kawo musu ziyara suka kwashi cutar da ke jikinsa, wato SARS, ciwon numfashi mai tsanani, yawancinsu a hawa na tara. Ba danginsa ba ne, ba abokan tafiyarsa ba ne, hawa ɗaya kawai ya haɗa su. Cikin 'yan kwanaki kowa ya ɗaure kayansa ya kama gabansa: wannan Hanoi, waɗancan Singafo, wata Toronto, wani Vancouver. Mafi yawan waɗanda SARS ta kama a wajen babban yankin ƙasar Sin, idan aka bi salsalar ciwonsu baya-baya, a ƙofar wannan ɗaki za a tsaya.

Ba kasafai ake samun annobar da aka bi sawunta mutum bayan mutum, gado bayan gado, kamar wannan ba, shi ya sa na zaɓe ta. Abin da ya fi riƙe ni a cikinta kuwa shi ne, ƙwayar cuta iri ɗaya ce, daga jikin mutum ɗaya, a dare ɗaya. Amma da ta isa garuruwa, a wani wuri ta kashe gommai, a wani wurin ta ƙare a jikin wanda ya kawo ta. Wannan bambanci nake so mu duba da kyau.

Ba a otal cutar ta fara ba. Tun cikin Nuwamba 2002 aka fara ganin wani irin ciwon huhu a birnin Foshan na lardin Guangdong (lardin da Guangzhou ke ciki), wanda ba ya jin magungunan da aka saba bayarwa. Zazzaɓi mai zafi, ciwon jiki, busasshen tari, bayan kamar mako guda kuma numfashi ya sarƙe. Ranar 11 ga Fabrairu 2003 hukumomin Sin suka shaida wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mutum 305 sun kamu, 5 sun mutu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamun ma'aikatan asibiti ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankalin duk wanda ya san aikin, domin ciwon da ke kayar da likita da nas da yawa haka daga jikin majinyaci yake tsallakowa. Likitan da muke magana a kansa a ɗaya daga cikin asibitocin Guangzhou masu karɓar irin waɗannan majinyata yake aiki. Jikinsa ya fara ba shi alama kusan mako guda kafin tafiyar. Da ya ji dama-dama sai ya yi ta maza ya tafi, kamar yadda yawancin mutane za su yi idan hidimar dangi ta taso. A riƙe wannan mako gudan a zuciya, za mu dawo kansa.

To, me ya faru a hawa na tara?

Mai ciwon numfashi idan ya yi tari ko atishawa, kai ko magana ma, yana fesar da ɗigon yawu da majina. Manyan ɗigon suna da nauyi, ba su cika wuce mita ɗaya zuwa biyu ba suke faɗuwa, sai wanda yake gab da shi suke samu a hanci ko baki ko ido. Ƙananan kuwa, waɗanda ido ba ya gani, suna iya daɗewa suna shawagi a iska, kamar yadda hayaƙi ke zama a rufaffen ɗaki bayan wutar ta mutu. Sai hanya ta uku, wato hannu: ɗigon ya sauka a mariƙin ƙofa ko maɓallin lif, wani ya taɓa, ya zo ya murza idonsa. Da masu binciken Hukumar Lafiya ta Duniya suka shiga otal ɗin makonni bayan haka, sun tarar da ɓurɓushin ƙwayar cutar a kafet ɗin da ke gaban ɗaki na 911 da ƙofofin da ke maƙwabtaka da shi, da kuma wajen lif. Wannan ya sa suka karkata ga cewa a siririn lungun da ke tsakanin ɗakuna aka yi rabon cutar, mai yiwuwa bayan ya yi amai ko tari mai tsanani a wurin. Ba a samu ma'aikacin otal ɗin da ya kwanta ciwon ba, alhali su ne masu shara da gyaran gado. A ganina wannan yana nuna cewa lokaci ma yana cikin lissafin: wanda ya ratsa lungun a mintocin da iskarsa ke cike da cutar ya kwasa, wanda ya zo daga baya ya tsira.

Wanda SARS ta shiga jikinsa ba ya sanin komai nan take. Takan yi kwana 2 zuwa 10 a ɓoye, galibi 4 zuwa 6, kafin zazzaɓi ya bayyana. Tafiyar jirgin sama kuwa, komai nisanta, ba ta kai tsawon wannan ba. Saboda haka da yawa daga baƙin hawa na tara garau suka ratsa filayen jirgi, aka buga musu hatimi a fasfo, suka rungumi iyalansu a gida. Babu jami'in kan iyakar da zai iya gane su.

Toronto da Vancouver, rana ɗaya

Wata dattijuwa mai shekara 78 ta koma birnin Toronto na Kanada daga otal ɗin ranar 23 ga Fabrairu. Ta kwanta ciwo a gida cikin 'ya'ya da jikoki, su suka yi jinyarta, ta rasu ranar 5 ga Maris. Da yake tana da ciwon sukari da na zuciya, sai aka rubuta cewa zuciya ce ta buga. Babu wanda ya kawo maganar Hong Kong.

Ranar 7 ga Maris ɗanta, magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai, ya je sashen ba da agajin gaggawa na asibitin Scarborough Grace da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi. Aka ce ciwon huhu ne na yau da kullum. Babu gado a ciki, sai aka bar shi a ɗakin da ake lura da majinyata, ya shafe kusan sa'a 18 a wurin. Ku kalli ɗakin: gadaje a jere, labule ne kawai tsakanin wannan da wancan, nas tana tashi daga wannan gado ta koma na gaba. A gadon da ke gefensa akwai wani dattijo da bugun zuciya ya kawo, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba. Gado uku daga nan akwai wani mai ciwon zuciya shi ma. Dukansu biyu sun kamu. Na farkon aka sallame shi ya koma gida, ya dawo bayan kwanaki a galabaice, matarsa ta kamu, waɗanda suka ɗauko shi a motar asibiti suka kamu, ma'aikatan da suka zura masa bututun numfashi a maƙogwaro suka kamu. Na biyun kuma daga baya aka mayar da shi wani asibiti, ya kai cutar can. Shi ɗan dattijuwar, ko da aka keɓe shi a ƙarshe, zaton tarin fuka ne ya sa. Ya rasu ranar 13 ga Maris. Da aka gama bin sawu, mutum 128 aka danganta ciwonsu da wannan asibiti ɗaya.

A wannan rana dai ta 7 ga Maris, a ɗaya gefen Kanada, wani mutum mai shekara 55 wanda shi ma ya sauka a Metropole ya shiga babban asibitin Vancouver. Cikin minti 15 aka ɗauki matakan kariya a kansa, takunkumi da safar hannu da riga. Cikin sa'a biyu da rabi an kai shi ɗakin da aka tsara iskarsa ba ta komawa cikin asibiti, sai dai a zuƙe ta a fitar waje. Babu ma'aikaci ko majinyacin da ya kamu daga gare shi. Mutum 44 da SARS ta kashe a Kanada, duk a yankin Toronto ne.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, a yi adalci. Tun cikin Fabrairu cibiyar yaƙi da cututtuka ta lardin da Vancouver take ta aika wa asibitoci gargaɗi cewa su sa ido kan masu dawowa daga Sin da Hong Kong da ciwon numfashi, saboda haka an zauna da shiri. Mutumin Vancouver kuma shi da kansa ya yi tafiyar, da an tambaye shi inda ya fito amsa ta fito. Na Toronto kuwa bai je ko'ina ba. Mahaifiyarsa ce ta je, ita kuma an riga an binne ta da sunan ciwon zuciya. Mahaɗi ɗaya ne ya ɓace a sarƙar, sai duk sarƙar ta ɓace wa masu dubawa. Wannan abu ne da ke maimaita kansa a kusan kowace annoba, tambayar "ka yi tafiya?" ba ta wadatarwa sai an bi ta da "waye ba shi da lafiya a gidanku, waye ya rasu kwanan nan?" Duk da haka ba zan ɓoye ra'ayina ba: mai zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama bai kamata ya kwana a buɗaɗɗen ɗaki tsakanin masu ciwon zuciya ba, ko an san sunan ciwonsa ko ba a sani ba. Takunkumi da ɗaki na daban ba sa jiran sakamakon gwaji. Kwamitin binciken da Mai Shari'a Archie Campbell ya jagoranta a lardin Ontario, inda Toronto take, daga baya ma a kan wannan ya fi nanatawa, cewa a ɗauki matakin kare ma'aikata tun kafin hujjar kimiyya ta kammala.

Mutum biyar, majinyata 103

A Hong Kong ɗin kanta, wani saurayi mai shekara 26 da ya je hawa na tara ziyara ya kwanta a asibitin Prince of Wales ranar 4 ga Maris, a ɗakin kwanciya mai lamba 8A. Don a sauƙaƙa masa numfashi, sai aka riƙa sa masa na'urar nan da ke mayar da magani tururi, sau da yawa a yini, kwanaki a jere. Taimako aka yi niyya. Amma masu bincike sun yi imanin cewa tururin ya taimaka wajen ɗaukar cutar daga ƙirjinsa zuwa iskar ɗakin. Mako guda bayan nan likitoci da nas-nas suka fara faɗuwa da zazzaɓi rututu. Rahoton farko da likitocin asibitin suka fitar ya ƙunshi mutum 138, ciki har da ma'aikatan lafiya 69 da ɗaliban likitanci 16, wasunsu jarrabawar duba majinyaci ce kawai ta kai su ɗakin.

Singafo kuwa 'yan mata uku ne suka koma mata da cutar daga otal ɗin. Biyu ba su sa wa kowa ba. Ta ukun ta kwanta a asibitin Tan Tock Seng ranar 1 ga Maris, ta yi kwanaki a ɗakin kowa da kowa kafin a keɓe ta, sama da mutum 20 suka kamu ta dalilinta. Ita ta warke. Mahaifinta da mahaifiyarta da limamin cocinsu, waɗanda suka zo duba ta, duk sun rasu. Duk sa'ad da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin ta hanyar ƙauna cutar ta bi. Masu zama a bakin gado, masu dafa goshi su ji zafi, masu goge gumi, su ne a sahun gaba.

Alƙaluman Singafo sun koya wa duniya wani abu da ba a cika lura da shi ba. Masana sun ƙiyasta cewa idan ba a ɗauki mataki ba, mai SARS ɗaya yakan sa wa kusan mutum uku. Wanda ya ji haka zai ɗauka kowane majinyaci uku-uku yake rabawa. Ba haka abin yake ba. Daga cikin mutum 201 na farko da suka kamu a Singafo, 162 ba a ga alamar sun sa wa kowa ba, wato kashi 81 cikin 100. Mutum biyar kacal kuma su ne tushen ciwon 103. Annobar ba tafiyar ruwa take yi a shimfiɗe ba, tsalle take yi, ta yi shiru a gidaje da yawa sannan ta fashe a wuri guda.

Jaridun lokacin sun yi ta laƙaba wa irin waɗannan mutane sunaye, kamar su ne suka ƙirƙiro bala'in. Wannan zalunci ne, kuma kuskure ne ko ta fuskar ilimi. Idan aka duba su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya haɗa su a bayyane yake: ciwon ya yi nisa a jikinsu, ba a gane shi ba, suna cikin rufaffen wuri mai cunkoso, sau da yawa kuma an yi musu wani aikin asibiti mai tayar da feshi. A canza ɗaya daga cikin waɗannan, labarin ya canza. Budurwar Singafo da mutumin Vancouver otal ɗaya suka kwana.

Jirgin Air China mai lamba 112 ma haka ne. Ranar 15 ga Maris ya tashi daga Hong Kong zuwa Beijin da mutum 120, tafiyar kusan sa'a uku. A cikinsu akwai dattijo mai shekara 72 da zazzaɓi da tari suka riga suka kama. Mutum 22 suka kamu, 5 suka mutu, waɗanda ke layuka uku na gabansa suka fi shan wahala, ko da yake cutar ta kai har kujeru masu nisa. Masu binciken da suka bi wannan jirgi sun bi wani daban wanda ya ɗauki mai cutar tun alamu ba su bayyana masa ba, a nan ba su samu ko mutum ɗaya da ya kamu ba.

Sai Amoy Gardens, inda cutar ta bi hanyar da babu wanda ya yi tsammani. Rukunin dogayen benaye ne a Kowloon, kowanne hawa talatin da 'yan kai. Wani mutum mai shekara 33 da ake yi wa wankin ƙoda a asibitin Prince of Wales ya je gidan ɗan'uwansa a ginin da ake kira E ranakun 14 da 19 ga Maris, yana fama da gudawa, ya shiga bayan gida. Kafin wata ya ƙare ɗaruruwan mazauna sun kwanta, mutanen da ba su taɓa haɗa ido da shi ba, yawancinsu a gidajen da ke sama da ƙasa a layi ɗaya. Da injiniyoyi suka duba, sai ga abin a ƙasan banɗaki. Kowace magudanar ruwa ta ƙasa tana da lanƙwasasshen bututu wanda ya kamata ya riƙe ɗan ruwa a kullum, wannan ruwan ne ke toshe wari da iska daga babban bututun ƙazanta. A gidaje da yawa ruwan ya ƙafe. Mutum ya shiga wanka, ya rufe ƙofa, ya kunna fankar da ke fitar da iska, sai fankar ta janyo feshin ƙazanta daga bututun zuwa cikin banɗakin, ta kuma tura shi sararin da ke tsakanin gidaje, iska ta ɗaga shi sama zuwa tagogin maƙwabta. Mutum 329 suka kamu a rukunin, 42 suka mutu. Ranar 31 ga Maris gwamnati ta killace ginin E, amma iyalai da yawa sun riga sun tsere, sai da 'yan sanda suka shiga neman su. Har yanzu daga mutum zuwa mutum ne, sai dai bututu da fanka ne suka yi dillanci.

A Hanoi, wani ɗan kasuwa Ba'amurke ɗan asalin Sin, shi ma baƙon hawa na tara, ya kwanta a Asibitin Faransa ranar 26 ga Fabrairu. Aka kira Dakta Carlo Urbani, ɗan Italiya da ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a Biyetnam. Ƙwarewarsa a kan tsutsar ciki ce, musamman ta yara 'yan makaranta, yana kuma cikin waɗanda suka karɓi lambar yabo ta Nobel a madadin ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF a 1999. Ya je ya ga majinyacin, ya ga ma'aikata sun fara faɗuwa, ya gane cewa sabon abu ne. Ya sanar da hukumarsa, ya yi ta zirga-zirga a asibitin yana ɗibar samfuri yana tsara keɓewa, ya kuma matsa wa jami'an gwamnati har suka yarda aka rufe asibitin. Ma'aikatan da yawa suka zauna a ciki, suka ƙi komawa gida don kada su kai wa iyalansu. Biyetnam ta tsaya a kan mutum 63, biyar suka mutu, kuma ranar 28 ga Afrilu ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta shawo kan cutar. Urbani bai ga wannan rana ba. Zazzaɓi ya kama shi a jirgi kan hanyarsa ta zuwa Bankok ranar 11 ga Maris, da ya sauka ya hana abokin aikin da ya zo tarbarsa matsowa kusa. Ya rasu ranar 29 ga Maris yana da shekara 46.

Abin da ya kashe wutar

Ranar 12 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, ta yi wa duniya gargaɗi, ranar 15 ta raɗa wa cutar suna SARS, ranar 16 ga Afrilu kuma ta tabbatar da cewa sabuwar ƙwaya ce daga dangin korona. Babu allurar rigakafi, babu maganin da aka tabbatar yana kashe ta. Da tsofaffin dabaru aka yi yaƙin: a auna zafin jiki, a keɓe mai zazzaɓi, a rubuta sunan duk wanda ya yi hulɗa da shi, a zaunar da su gida kwana 10, ma'aikata su rufe fuska da jiki su wanke hannu.

Yanzu mu koma ga mako gudan nan na likitan ɗaki na 911. Masana a Jami'ar Hong Kong sun auna yawan ƙwayar cutar a hancin majinyata da maƙogwaronsu kwana bayan kwana, suka ga a farkon ciwo kaɗan ce, tana hauhawa har ta kai ƙololuwa wajen kwana na 10. Ma'ana, zazzaɓi yana riga ƙarfin yaɗuwa zuwa da kwanaki. Wannan ne ya sa asibitoci suka zama matattarar cutar, domin mutum yana kaiwa matakin da ya fi yaɗa ta a daidai lokacin da ciwo ya kai shi gadon asibiti. Likitan ya isa otal ne ciwonsa na shiga mako na biyu. Kuma wannan ne dai ya ba da ƙofar nasara: wanda aka keɓe a kwanakin farko da wuya ya sa wa wani. A Singafo, tazarar da ke tsakanin fara ciwo da keɓewa ta sauka daga kusan kwana 7 a farkon Maris zuwa ƙasa da kwana 2 a ƙarshen Afrilu. Da kowane majinyaci ya koma sa wa ƙasa da mutum ɗaya a matsakaici, sarƙoƙin suka riƙa tsinkewa da kansu.

Toronto ta ɗauka ta gama a tsakiyar Mayu. An cire ta daga jerin wuraren da cutar ke yaɗuwa ranar 14 ga wata, asibitoci suka sassauta, aka sauke takunkumi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A wani asibiti da ke arewacin birnin, cutar tana ci a hankali a ɗakin masu karaya, tsakanin tsofaffin da ake ɗauka ciwon huhun bayan tiyata ne ke damun su. Nas-nas sun yi ta nuna damuwa, ba a ba maganarsu nauyin da ya kamata ba. Ranar 23 ga Mayu aka sanar da ɓarkewa ta biyu, birnin bai fita daga jerin ba sai 2 ga Yuli. Ƙa'idar ita ce a yi kwana 20 babu sabon kamu, wato ninki biyu na mafi tsawon lokacin da cutar ke ɓuya a jiki. Taiwan ce ta cika wannan a ƙarshe, ranar 5 ga Yuli 2003 aka bayyana cewa an katse yaɗuwar SARS tsakanin mutane a duk duniya. Jimilla mutum 8,096 suka kamu, 774 suka mutu, kuma a kowane mutum biyar da suka kamu, ɗaya ma'aikacin lafiya ne. Bayan 'yan tsirarun da suka biyo baya, wasunsu daga ɗakunan gwaje-gwaje a Singafo da Taiwan da Beijin, ba a sake ganin ta a jikin ɗan Adam ba tun 2004.

A ƙarshen 2019 'yar'uwarta COVID-19 ta bayyana a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Aka sake fito da na'urorin auna zafin jiki a filayen jirgi, aka sake neman masu zazzaɓi kamar yadda aka yi a 2003. Sai dai wannan karon mai ɗauke da cutar ya fi yaɗa ta a kwanakin da ke gab da bayyanar alamu da farkon ciwo, wasu ma har su warke ba su taɓa jin komai ba. Kafin Janairu 2020 ya ƙare, waɗanda aka tabbatar sun kamu da ita sun zarce duk waɗanda SARS ta kama a wata takwas.